Ɗan Fari da Jan Takalmi

Jirgin saman da ya fara zama a yankinmu bai kai motar ɗaukar auduga girma ba. Shekarun nan ne na bayan samun mulkin kai, kafin a shiga yaƙi. Tsutsa ta matsa wa auduga, sai aka share wani fili a bayan Funtua, wani Bature siriri mai jan wuya ya zo da jirgin yana yi wa manyan gonaki feshin magani. Wurin zaman mutum biyu ne kawai a cikinsa, ɗaya gaba ɗaya baya. In ya taho ƙasa-ƙasa ta kan ƙauyenmu da ke hanyar Maska, kaji su shige ƙarƙashin rumbu, awaki su yi ta fizgar turke, yara su bi shi da gudu har bakin rafi. Ni kuwa ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba in dai da mutum kusa da ni, domin duk garin an san wanda ke zaune a ciki tare da Baturen.

Ɗan farina ne. A wurinmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi mashi magana ido da ido, ba ta yaba shi, in kuma ana yi mashi faɗa ba ta sa baki. Tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya tashi, dangar kara ce tsakanin sashenta da nawa. In na ga alamar yunwa a fuskarsa sai in ajiye kwano a bakin dangar, in ce da ƙanwarsa ta duba ko akwai mai so. Yaran yanzu in sun ji haka sai su ce rashin ƙauna ne. Ba su san abin da suke faɗa ba. Ni na fara gane ranar da ƙaya ta soke shi a dunduniya yana ɓoyewa, ni na fara jin muryarsa ta buɗe, duk ta tsakanin karan dangar nan, kuma ban taɓa cewa uffan ba.

Ya ɗan yi boko a Malumfashi, ya dawo ya shiga wajen masu gyaran mota a Funtua. Can Baturen ya gan shi, ya ɗauke shi aikin zuba mai da goge-goge. Da ya ga hannunsa ya faɗa da inji sai ya fara ɗora shi a jirgin, yau ya ce riƙe nan, gobe ya ce taka can, har ta kai in sun tashi yaron ne ke tuƙi, Baturen ya harɗe hannu a baya. Wata shekara, bayan an gama kwashe auduga, labari ya zo gida cewa za a kai shi Zariya. Manya za su tsaya a ƙasa su sa ido, shi kuma ya tashi shi kaɗai ya sauko shi kaɗai. In ya yi daidai a ba shi takardar matuƙi, in bai yi ba ya koma goge-gogensa.

Mijina, Allah ya jiƙansa, manomin auduga ne na ƙwarai, kuma mutumin kirki, amma yana da son a gan shi. Ko akuya ce ta ɓata sai ya sake hula kafin ya fita nema. Da Malam ya ji labarin Zariya bai tambayi yadda ake tuƙa abin ba, bai tambayi iyakar nisan da ake yi a sama ba. Abin da ya tambaya shi ne da wane kaya yaron zai tsaya gaban manyan. Aka ce ai da kayan aikinsa, 'yar shara mai gajeren hannu, da wandon kaki matsattse, da farin kambas mai igiya wanda tuni ya koma launin ƙasa. Malam ya ce shi bai haifi yaron mota ba. Ya ce wanda zai hau abin da ko hakimi bai taɓa hawa ba, ba zai tafi da shigar masu ɗaure buhu ba, Zage-zagi su sami abin yi wa Katsinawa dariya har shekara ta zagayo.

Ya fidda saƙin da ya daɗe yana ɓoyo a akwati, ya kai wa maɗinki aka yi babbar riga mai aska biyu, irin wadda in ka shimfiɗa ta sai ta rufe gado ta sauko ƙasa. Aka yi wando buje wanda yara biyu za su ɓuya a ciki. Aka sayo jar dara. Sa'an nan ya shiga mota har kasuwar Malumfashi wajen wani baduku da ake ji da shi, ya sa aka yi takalmi. Ja ne, irin na manya, marar dunduniya, wanda ake zura ƙafa kawai, an zagaye bakinsa da koriyar fata, ƙasansa kuwa an goge shi sumul kamar bayan ƙwarya. Ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa ganin takalmi mai kyansa ba. Malam ya ɗora shi a faifai ya sa aka zagaya da shi sashe-sashe kamar kayan lefe, faccalolina, matan ƙannen Malam su biyu, suna guɗa ƙasa-ƙasa suna satar kallona ko fuskata za ta motsa. Ba ta motsa ba. Na ce fatar dai ba laifi, na ci gaba da tsince wake.

Ranar Juma'a yaron ya zo gida, uban ya kira shi zaure ya baje mashi kayan. Ina jiyo su daga inda nake. Yaron ya durƙusa ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara girma. To Malam ya san halin samari, sai ya ce ba wai a saka su a jaka a je can a ɓoye ba, a jikinsa yake so su hau sama su dawo. Ya ce shi ma zai bi shi a jirgin ƙasa, ya tsaya a bakin filin ya gani da idonsa. Yaron ya ce, "To, Baba." Tun yana ƙarami ba a taɓa jin ya ce wa ubansa wata kalma ba wannan ba.

Da la'asar ina kaɗi a gindin danga, shi yana zaune a ƙofar ɗakin kakarsa yana shan fura. Ita tsohuwar ba ta da sunan da take kiransa sai maigidana, shi kuma kullum cikin barazanar sakinta yake saboda ba ta da haƙori. Ran nan bai tanka mata tsokanar ba. Ta tambaye shi wa ya mutu, an yi mashi kayan angunci yana zumɓura baki.

Sai ya shiga yi mata bayani, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce jirgi ba hannu kaɗai ke tuƙa shi ba. Akwai abin takawa guda biyu a ƙasa, kamar fedar keke, sai dai su ba juyawa suke ba, turawa ake yi, dama ko hagu. Da su ake miƙar da hancin jirgi sa'ad da zai tashi da sa'ad da ya taɓa ƙasa, kuma ƙafa ba ta barinsu ko na ƙiftawar ido. Ya ce da daminar da ta wuce akwai ranar da kambas ɗinsa ya jiƙe, ya ari silifa ya shiga da shi. Suna saukowa silifan ya zame ya shige ƙarƙashin abin takawar ya maƙale. Jirgi ya bar fili ya nufi gonar gyaɗar mutane, sai da Baturen ya ƙwace tuƙin daga wurin zamansa, suka tsaya hancinsu na shinshinar wata ɗorawa. Tun ranar Baturen ya kafa mashi doka. Takalmi sai mai kama dunduniya, mai igiya, mai siririn ƙasa yadda tafin ƙafa zai riƙa jin abin da yake takawa. Riga kuma sai wadda ba ta da hannun da zai rataye a wani ƙarfe. Ya ce wurin zaman ma bai fi bakin turmi faɗi ba, in ya shiga da rigar nan sai dai ita ta zauna shi ya tsaya waje.

Tsohuwa ta ce to me ya hana shi gaya wa ubansa. Ya ce Baba ya riga ya faɗa a masallaci, ya faɗa a kasuwa, kuma ya ga fuskarsa lokacin da yake buɗe kayan. Rigar zai san yadda zai tattare ta ya zauna a kai. Takalmin kuwa, ya ce, "Zan ƙanƙame shi da yatsu, tsohuwa. Ai ba daɗewa ake yi a sama ba."

A Zariya babu Bature a baya. Wannan shi bai faɗa ba, ni na faɗa wa kaina. Na naɗe zarena na shiga ɗaki.

Wanda bai zauna cikinmu ba zai ce ai abu mai sauƙi ne, mace ta je ta gaya wa mijinta abin da ta ji. Ba haka yake ba. Matar da ta buɗe baki ta tsaya wa ɗan fari, ta ba mata abin magana har ta tsufa. Za a yi ta a bakin rijiya, a yi ta wajen biki, in 'yarta ta isa aure a ce a duba da kyau, gidan ba su da kunya. Ni kuma a gidan nan ni ce mai tsawatarwa. Ni ke hana faccalolina dariya da ƙarfi in da baƙi a zaure, ni ke korar yarinya ta koma ta ɗaura ɗankwali daidai. Sun daɗe suna jiran ranar da za su ga ƙafata ta zame.

Da safe na je gaida uwar mijina. Bayan mun gama gaisuwa na ce, Inna, na ji ana cewa takalmi marar dunduniya bai dace da mai aiki da ƙafa ba. Ta dube ni da idon nan nata mai ruwa-ruwa, ta ce a gidan nan wa ke aiki da ƙafa in ba jaki ba, kuma shi ba ta ga an saya mashi takalmi ba. Ta bar ni a durƙushe sai da ta gama tauna goronta da dasashi, sa'an nan ta ce ta ji, za ta yi wa ɗanta magana.

Ta kuwa yi, amma irin tata maganar. Tsohuwar nan ba ta iya faɗin abu ba tare da wasa ba. Ta ce mashi ya rage wa mijinta ado kada 'yan matan Zariya su ƙwace mata shi, ta ce takalmin nan ya yi santsi da yawa, zai zame da shi zuwa gidan wata. Malam ya yi dariya har da buga cinya, ya ɗauka yabo ne. Washegari ya ƙaro kwalbar turare.

Ana cikin haka sai ga Kawu. Ƙanen tsohuwa ne, yana zaune a unguwar bayan dutse cikin danginsu da ba su kama salla ba, manomi ne kuma mai magani. Labarin ya kai mashi, ya zo da tasa gudummawar a cikin burgame, jakarsa ta fatar akuya. Ya fiddo wata laya da ya ce direbobin manyan motoci har daga Gusau suke zuwa nema. In mota za ta faɗi, mai ita sai ya ɓace daga ciki, ya tsinci kansa zaune a gindin itace a bakin hanya, ko ƙwarzane babu. Ina miƙa mashi ruwa a lokacin, mu biyu ne a inuwar rumbu. Na dubi ƙwaryar ruwan na ce, wanda ya ɓace a sama ko a gindin wane itace zai tsinci kansa, kuma wa zai sauko wa mutane da jirginsu.

Kawu ya dubi layar, sa'an nan ya fashe da dariya har yana tari. Ya ce gaskiya a ƙasa kaɗai aka gwada maganinsa. Ya maida ta burgame. Amma mutum ne mai ido, ya ce, ɗiyata, ba layar nan ke damunki ba, tun da na shigo nake ganin kina kewaya wata magana. Na ce ni ba abin da ya dame ni, sai dai wani takalmi da aka kawo gidan nan, na ji an ce irinsa ya taɓa kai wasu gonar gyaɗa. Na ba shi labarin kamar na mutanen wani gari. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

Ya ce ya san ɗan yayarsa tun yana tsirara, ba ya ji da kunne, sai abu ya taɓa jikinsa. A bar shi da shi.

Da yamma ya sami Malam a zaure ya ce mashi su a wurinsu ba a ba yaro sabon kaya ya yi tafiya mai nisa sai uba ya fara sawa ya yini da su, zufarsa ta shiga, albarka ta kama. Ban sani ba ko da gaske suna da wannan al'adar ko a nan take ya ƙirƙiro ta. Malam dai bai tsaya bincike ba. Tun ranar da aka kawo takalmin nan yake zagaya shi kamar kyanwa da nono, ga shi an ba shi dalili. Ya ce ai ko a Musulunci albarkar uba ba abin wasa ba ce, ranar kasuwar Maska zai sa su duka ya je a keke.

Dabarar Kawu ke nan. Tsakaninmu da Maska akwai gangara mai tsawo da ke sauka cikin rafi, ƙasan duk yashi. Mai babbar riga da takalmi mai santsi a kan feda, in ya sauka nan, ko rigar ta shiga ƙafar keke ko takalmin ya yi nasa wuri. Faɗuwa ce a kan yashi, ba ta karya kowa. Safiyar kasuwa Malam ya fito kamar mai zuwa naɗin sarauta, ya tattare hannayen rigar ya aza a kafaɗa, ya cusa bujen tsakanin cinyoyi, ya zura jan takalmi, ya hau. Na yi mashi a dawo lafiya. Ban roƙi Allah ya kayar da shi ba. Na dai bar addu'ar a taƙaice.

Yini na yi ina kasa kunne ko zan ji an shigo da shi ana kakkaɓe mashi yashi. Kawu ma bai koma gida ba, yana kwance a inuwa yana jiran ganin aikinsa. La'asar sakaliya muka ji ƙararrawar keke tun daga bakin gari, ana kaɗa ta ba ƙaƙƙautawa. Malam ya shigo fes, ko ƙura babu a gefen rigar. Abin da ni da Kawu muka manta shi ne mutumin nan tun yana saurayi yake hawan keke da babbar riga, yatsun ƙafarsa sun iya riƙon takalmi kamar hannu. Ya sauka ya cire ɗaya ya ɗaga sama ya nuna wa gida. Ya ce ya sauka gangara ya hau gangara, takalmi bai ce mashi komi ba. In keke mai ƙafa biyu bai kayar da shi ba, yaya jirgi mai ƙafa uku zai kayar da yaro. A kasuwa kuma, ya ce, sai da mutane suka bar ciniki suna tambaya, shi kuwa ya gaya wa kowa na wane ne da inda za shi da su.

Kawu ya tashi ya rataya burgamensa. Da zai wuce ta gabana ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tasa dabarar ta ƙare, saura mai baki ta yi amfani da bakinta.

Ranar tafiya ta zo. Jirgin ƙasa sai da hantsi yake tashi daga Funtua, don haka tun da sassafe gida ya cika da motsi. Faccalolina suna daka a tsakar gida, tsohuwa tana zaune a ƙofar ɗakinta, yaron yana ciki yana sa kaya. Malam yana kan buzu a ƙofar turakarsa, jan takalmin a gabansa, yana goge shi da gefen rawani. Na ɗauko kokonsa na kai. Na durƙusa na ajiye. A ka'ida sai in tashi, amma ban tashi ba.

Na ce, "Malam, takalmin nan ba zai shiga jirgi ba."

Ya ɗago ya dube ni. Shekara da shekaru muna tare bai taɓa jin na sa baki a abin da ya shafi yaron ba, sai ya ga abin wasa ya samu. Ya ce, "Wane takalmi? Na wa?"

Na ce wanda ke gabansa.

"Ai na gan shi. Na ce na wane ne, da har ya hana ki tashi?"

Ina jin taɓarya ɗaya ta tsaya, ɗayar ma ta tsaya. Na san duk kunnen gidan yana bayana.

Na ce, "Na ɗana ne. Ni na haife shi, kuma ina so ya dawo."

Kaza ce kawai ke tsattsagar tsaba a gindin turmi, ita ma ba a kore ta ba. Tunda na riga na fara sai na ƙarasa. Na faɗi zancen abin takawa, da silifan aro, da gonar gyaɗa, da ɗorawar da ta tare su, da dokar da Baturen ya kafa. Na ce keke in ya kayar da mutum a yashi yake kayar da shi. Na ce a can shi kaɗai zai kasance, babu mai ƙwace tuƙi.

Dariyar ta bar fuskar Malam. Ya tambaye ni a ina na ji wannan, na ce dangar kara ba ta tare magana. Ya ɗaga murya ya kira yaron. Yaron ya fito cikin rigar nan, ta yi mashi kyau, wannan kam ba a musu, ƙafarsa ba takalmi. Ya durƙusa nesa da ni, ni na juya fuska wajen rumbu. Uban ya tambaye shi ko gaskiya ne an taɓa shiga gonar gyaɗa. Ya ce gaskiya ne. Uban ya ce to don me bai faɗa ba tun ranar da aka ba shi kayan. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ga ranka yana so, Baba."

Malam ya daɗe yana juya takalmin a hannunsa. Na san abin da ke ransa, mutanen masallaci da na kasuwar Maska ne ke tsaye a gabansa. Tsohuwa ce ta fara magana daga inda take, ta ce ita dai ba ta shirya takaba ba, a bar mata mijinta ya tafi da tsummansa. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Can Malam ya ce to ga yadda za a yi. Daga nan har Zariya da kayan nan zai tafi, duk wanda ke tasha ya gani. Da su zai gaida manyan. In an zo shiga jirgi ya tuɓe, kayan aikinsa suna ciki, ya ɗaura kambas ɗinsa. Amma kafin nan a ba shi kambas ɗin a sa mashi farar ƙasa, don ba zai tsaya yana kallon wannan dauɗa ta hau sama da sunan gidansa ba. Yaron ya tambaya a hankali wa zai riƙe rigar in ya tuɓe. Malam ya ce, "Ni mana. Wa kake da shi a can?"

Sa'an nan ya juyo gare ni, dariyar ta fara dawo mashi. Ya ce, "Ashe kina da ɗa a gidan nan. Da ba ki faɗa ba, da ban sani ba." Na ɗauki faifaina na tashi. Ƙanwar yaron ce ta shafa wa kambas farar ƙasa, ni na nuna mata inda ta tsallake.

Sai da suka kwana biyu suka dawo. Malam ya riga yaron shigowa, kuma tun daga zaure yake ba da labari, don haka ban sha wahalar tambaya ba. Ya ce yaron ya tashi kamar an ja zare, ya zagaya, ya sauko ya miƙe sambal a tsakiyar fili, manya suka gyaɗa kai, an ba shi takarda. Wannan a gurguje ya faɗe shi. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne abin da aka yi mashi. Yana tsaye a bakin fili, riga a kafaɗa, buje a hannu, jan takalmi a ɗaya hannun, kansa a sama yana salati, sai wani babban ma'aikaci mai kwat ya matso ya taɓa takalmin, ya ce baba sayarwa ne, ya taya. Malam ya ce bai taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba, shi da ɗansa ke sama a ɗauke shi ɗan koli. Ya ce ya nuna wa mutumin jirgin da haɓa, tunda hannu ba sarari, ya ce mai takalmin ga shi can, in ya sauko ka tambaye shi. Ya maimaita labarin nan a ranar ya fi a ƙirga, kuma kowane karo kwat ɗin mutumin ƙara tsada yake.

Da yamma ina ɗakina sai na ji sallama. Faccalolina ne su biyu, sun yi lulluɓi kamar masu zuwa gidan suna, ƙaramar tana riƙe da faifai da goro a kai. Ba a yi wa uwa barka a kan ɗan fari, kowa ya san wannan, su ma sun sani, shi ya sa suka zo. Suka durƙusa da ladabin da ban taɓa gani a wurinsu ba. Babbar ta ce, "Yaya, mun zo yi maki barka. An ce ɗanki ya sauko lafiya." Ta ja kalmar ɗanki har sai da ta kusa tsinkewa, ƙaramar tana cizon gefen mayafi.

Na dube su ɗaya bayan ɗaya har suka sunkuyar da kai. Sa'an nan na miƙa hannu na zaɓi goron da ya fi girma, na ɓare, na ce Allah ya sa a yi da mu, na ku ma Allah ya raya. Na ce in sun gama su tashi, hatsin da suka bari a turmi ba zai daka kansa ba.